Shagala, Duƙufa Da Nutsuwa: Sunayen Da Adabi Ke Ba Wanda Hankalinsa Ya Tafi

A cikin gida ɗaya, a yini ɗaya, ana iya kiran yara biyu har sau uku-uku ba wanda ya amsa. Ɗaya yarinya ce tana kwance a ɗaki da littafin labari a hannu, tuwo kuwa yana ƙonewa a murhu. Ɗayan yaro ne yana zaure ya tasa allo gaba, yana ta maimaita aya guda har muryarsa ta dushe. Idan uwar gida ta gaji da kira ta leƙo, sai ta ce yarinya ta shagala, yaro kuwa ya duƙufa. Alhali kuwa abin da ya toshe kunnen wannan shi ne ya toshe kunnen waccan, watau hankali ya tattaru wuri guda ya bar sauran duniya. Bambancin yana bakin mai kira, don kuwa da kalmar da ta zaɓa ta riga ta yanke hukunci, ta yabi ɗaya ta zargi ɗaya.

Wannan hukunci da ke ɓoye cikin kalma shi ne malamai da mawaƙa da marubutan Hausa suka daɗe suna aiki da shi, tun daga waƙoƙin wa'azi na zamanin jihadi har zuwa littattafan soyayya na kasuwar Kano. Maganar kuwa ta wuce ƙamus, domin a kan zargin shagaltarwa an taɓa cinna wa littattafai wuta a bainar jama'a, a kansa kuma iyaye da 'ya'ya suke ta kai ruwa rana a yau game da wayar hannu.

ASALIN KALMAR

Shagala baƙuwa ce wadda ta daɗe har ta zama 'yar gari. Daga Larabci ta zo, daga tushen nan mai baƙaƙe uku, shin da gain da lam, wanda ke nufin aiki ko duk abin da ya cika wa mutum hannu. A bakin Larabawa kalmar ba ta ɗauke da laifi, ma'aikaci yakan kira sana'arsa da ita. Mutanen gaɓar Afirka ta Gabas masu magana da Swahili su ma sun are ta, suna cewa shughuli, suna nufin harka ko hidima. Amma da ta shigo ƙasar Hausa sai ta haifi 'ya'ya biyu masu hali daban. Akwai shagali, wanda ake yi ran biki ko ran salla da kiɗa da ciye-ciye, jam'insa shagulgula. Akwai kuma shagala, wadda ba a cika faɗinta ba sai da ɗaure fuska.

Abin lura shi ne, wuri biyu tak wannan tushe ya fito a cikin Alƙur'ani mai girma, kuma wuraren biyu sun yi hannun riga. Na ɗaya yana cikin Suratul Fathi, inda aka ba da labarin Larabawan ƙauye waɗanda suka noƙe ba su bi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tafiyar Hudaibiyya ba a shekara ta 6 bayan Hijira, suka fake da cewa dukiya da iyali ne suka riƙe su. Na biyu yana cikin Suratu Yasin, inda aka siffanta 'yan Aljanna cikin ni'imar da ta ɗauke musu hankali daga kome. Ashe ke nan tun daga tushe kalmar fuska biyu gare ta. Abin da ya ɗauke hankalin, da abin da aka bari saboda shi, su ne ke mai da ita zargi ko bushara.

Ya kamata mai karatu ya raba ta da ƙawarta gafala, wadda ita ma Balarabiya ce. Mai gafala hankalinsa barci ya yi. Mai shagala kuwa hankalinsa a farke yake sarai, yana ma aiki tuƙuru, sai dai a wata gona yake aikin, tasa gonar tana cike da ciyawa.

KALMOMIN RUWA

In an bar aro aka komo kalmomin gida, sai a tarar yawancinsu daga bakin kogi aka ɗebo su. Akan ce mutum ya tsunduma cikin wani al'amari, ko ya dulmuya, ko ya nutse. Kowace da irin faɗawar da take nufi. Mai tsunduma da ƙafarsa ya yi tsalle, har na nesa ya ji ƙarar faɗawarsa, shi ya sa akan ce wane ya tsunduma cikin siyasa ko fatauci. Dulmuya kuwa a hankali take zuwa, kamar yadda taɓo ke jan ƙafa, kuma sau da yawa akwai mai ja, don haka akan ce miyagun abokai sun dulmuyar da yaro. Nutsewa ita ce ƙarshe, ruwa ya rufe kai, na bakin gaɓa yana kira ba a ji.

Larabci ma haka ya yi. Kalmar da malaman Sufaye ke kiran tafiyar zuciya gaba ɗaya cikin ambaton Allah, watau istigraƙi, daga tushen da ke nufin halaka a ruwa take, tushen nan da aka yi amfani da shi wajen ba da labarin ƙarshen Fir'auna. Dalilin wannan haɗuwa a fili yake. Duk wanda ya taɓa cusa kai cikin kududdufi da damina ya san cewa abu na farko da ke yankewa shi ne ji. Karin maganar da ke cewa wanda ya yi nisa ba ya jin kira a kan wannan alama ta tsaya.

To amma a nan ne Hausa ta yi wani abin mamaki. Baturen nan F. W. Parsons na Jami'ar Landan, wanda a 1960 ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, ya nuna cewa aji na bakwai, mai ƙarewa da wasalin u, yana nuna aikin da ya kama abu sosai har ya ratsa shi. An dafa nama ya dafu, an gyara hanya ta gyaru. A bisa wannan awo, kusa da nutse sai ga nutsu. Wanda ya nutse an rasa shi. Wanda ya nutsu kuwa shi ne dattijon da ake nema ran shawara, mai salla da hushu'i, ɗalibin da malam ke alfahari da shi. Wasali guda ne ya raba halaka da kamala. Tsakaninsu kuma ga nutso, wanda masunta ke yi da gangan. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, 'yan kallo a bakin Matan Fada sukan ga mutum ya ɓace ƙarƙashin ruwa har gaba ya fara faɗuwa, sa'an nan ya ɓullo rungume da kifi. Ruwan da ya ci wani shi ne ya ciyar da wannan.

Duƙufa ce kaɗai ba ta jiƙe ba. Siffarta ta mai duƙawa ce, kamar manomi a kan kunya, ko maɗinki a kan wuyan riga yana fid da aska takwas, ko gwani yana rubuta Alƙur'ani da ka, takarda bayan takarda, wata da watanni. Ƙafar mai duƙufa tana ƙasa, kuma in ya ɗago akwai abin da zai nuna.

MALAMAN JIHADI DA DUNIYA

Ba inda shagala ta sha suka kamar a waƙoƙin wa'azi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, da ƙanensa Abdullahi, da 'yarsa Nana Asma'u, da almajiransu, sun yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa don farkar da jama'a, kuma babban jigon da suke komawa gare shi shi ne mutum ya lula cikin tara dukiya da neman sarauta har mutuwa ta riske shi ba guzuri. Hanyar da suke bi ita ce su girgiza mai sauraro. Sukan kawo masa kabari da tambayar mala'iku da tsayuwar Alƙiyama dalla-dalla, kamar mai jan wanda ruwa ya ci da gashin kai, ba ya tambayarsa ko ya ji zafi.

Wannan tsoro bai tsaya a takarda ba. Malam Abdullahi da kansa ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa ana tsakiyar jihadi, rundunar Musulmi na kan hanyar Alƙalawa, ya duba ya ga da yawa daga cikin jama'arsu sun karkata ga ganima da dawaki da tufafi da neman muƙami, sun mance dalilin fitowarsu. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya koma gida. Watau tun Alƙalawa ba ta faɗi ba, a 1808, ɗaya daga cikin jagororin jihadi ya riga ya ga shagala ta shiga sansani.

Mawaƙan ƙarni na 20 sun ɗora a kan wannan harsashi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai idon zuci, wanda ya rasu a 1990, ya cika Imfiraji da gargaɗi a kan ruɗin duniya da kusancin kabari, makafi kuma suka yi ta rera ta ƙofa-ƙofa har ta shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya sauko da maganar daga duniya baki ɗaya zuwa abubuwan da ake gani a bariki, ya yi waƙa a kan giya, ya yi a kan karuwanci. Sa'adu Zungur, wanda shi ma a 1958 ya rasu, ya juya ta wajen siyasa, yana jan kunnen sarakuna da talakawan Arewa kada zamani ya wuce su suna kallo. A wurin dukkansu karin maganar nan ce ke aiki, garin kallon ruwa kwaɗo ya yi wa mutum ƙafa.

MASU BEGE

Abin da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne, malaman da suka tsine wa shagala su ne kuma suka fi kowa neman hankalinsu ya tafi. Wanda ya kwana a zauren Maulidi ana karanta Ishiriniya ta Alfazazi ko Burda ta Busiri, ko ya tsaya inda 'yan Ƙadiriyya ke buga bandiri a Kano, ko inda almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ke rera Diwani, ya ga dattawa masu furfura suna rangaji, hawaye na zuba, ana yi musu magana ba su ji. Ba mai cewa sun shagala. Akan ce shauƙi ya kama su, ko suna cikin bege. In abin ya yi nisa Sufaye su ce fana'i, watau bawa ya mance da kansa ɗungum cikin tuna Ubangijinsa. Wanda aka fizge shi bai dawo daidai ba kuwa shi ne majazubi, kuma jama'a sukan yi masa uzuri.

Sufaye sun ari labarin Ƙaisu, wanda aka fi sani da Majnunu Laila, don su bayyana wannan hali. Saurayi ne Balarabe da son yarinya ya ɗauke masa hankali har ya bar mutane ya shiga daji. Mawaƙin Farisa Nizami ya tsara labarin a waƙe a 1188. A idon mai wa'azi Ƙaisu misali ne na wanda mace ta halaka. A idon Sufi kuwa ɗalibi ne da ya iya darasin so, saura kawai a nuna masa Wanda ya cancanci a so haka.

Makaɗan baka su ma suna da tasu kalma. In Ɗan Anace ya ɗauki waƙar Shago a fagen dambe, ko makaɗin noma ya bi bayan gwanin garma ran gayya yana kiran sunan kakanninsa, akan ce namiji ya tsumu. Jiki ya ɗauki rawa, ido ya rufe, zafin naushi da zafin rana duk su gushe. Da irin wannan lafazi ake faɗin sassaƙen da ya kwana cikin ruwa har ƙarfinsa ya fito. Aikin makaɗi ke nan, ya kai mutum inda ba ya jin kiran tsoro.

AKUN ABUBAKAR IMAM

Da rubutun zube ya kankama, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, sai marubuta suka sami kansu cikin wani hali mai wuya. Jama'ar da za su rubuta wa ta taso da jin cewa labarin ƙirƙira abin yara ne da mata, abin dare ne, har manya kan tsoratar da yara cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata zai yi. Hikimar wannan camfi ba ta ɓuya, ana tsoron kada daɗin labari ya hana aikin yini. Ga shi kuwa marubuci ba shi da wata sana'a sai ɗauke hankalin mai karatu, da rana tsaka ma in ya samu.

Alhaji Abubakar Imam ne ya ba da amsar da ta fi kowace wayo, a cikin littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci da abokan gaba, ɗan sarki Musa kuma ya ƙagara ya fita daga gida ya bi sahun Mahmudu zuwa fagen fama. Fitarsa kuwa ita ce halakarsa. Aku ba shi da takobi, ba shi da ikon cewa ɗan sarki kul. Abin da yake da shi baki ne. Kowane dare Musa ya zo sallama, sai aku ya jefo wata magana da za ta sa a tambaye shi labari, ya yi ta jan zare har gari ya waye, tafiya ta fasu. Haka ya yi ta yi har sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aku ya sami wazirci.

A taƙaice dai aku ya shagaltar da Musa ne, ba wani suna da za a ba abin. Amma shagalar ce ta tsirar da ransa da gadon sarautar ubansa. Dabarar tsohuwa ce, akwai ta a tatsuniyoyin aku na Indiya da Farisa, akwai irinta a Dare Dubu Da Ɗaya, inda Shaharzadu ke sayen ranta dare bayan dare da labarin da ba ta ƙarasawa sai asuba ta yanke shi. Sai dai a hannun Imam ta zama hujja a gaban malamai da iyaye. Yaron makarantar elementare da ya mance da cin tuwo saboda labarin aku yana cikin halin da Musa yake, kuma littafin da kansa yana gaya wa mai tsawata masa cewa wani jinkirin alheri ne.

Sauran littattafan wannan zamani sun nuna ɗaya fuskar. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar kuwa ya bar gida da sana'a ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Ya sami abin da ya fita nema, sharrin ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi kuma mai ramuwar bai ci ribar kome ba. Wannan ita ce dulmuya, taku bayan taku, kowane taku da hujjarsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, yaron da aka sace aka ƙetare hamada da shi ya duƙufa kan karatu a gidan Abdulkarim har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilmi wurinsa. Ƙaddara ta jefa su duka biyu cikin ruwa mai zurfi, ɗaya ya nutse, ɗaya ya fito da kifi.

KOGIN TUNANI DA WUTAR KANO

Daga 1980, lokacin da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito, da shekarun da suka biyo baya, wani sabon ambaliya ya taso. Matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa, wasu ɗaruruwa suka bi baya. A irin waɗannan littattafai ne kalmomin ruwa suka yi kaka-gida. Budurwa takan faɗa kogin tunani, saurayi ya yi ta ninƙaya a tekun so, sai an dafa kafaɗarsa ya yi firgigit ya dawo. An yi ta maimaita siffar har ta gaji, amma akwai dalilin da ya sa ta kama. Yarinyar da ba ta da bakin musu a gaban iyaye in an zo maganar aure, tunani ne kaɗai ɗakin da take iya shiga ta kulle. Marubutan, waɗanda da yawansu mata ne, ta wannan kogi suka bi suka faɗi abin da ba a faɗi a tsakar gida, game da auren dole da kishi da saki.

Masu suka ba su yi shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya wajen kare shi, aka yi ta muhawara a jaridu shekara da shekaru. Babban zargin da iyaye da malaman makaranta suka riƙe shi ne littattafan suna shagaltar da 'yan mata daga karatu, suna kuma ɓata tarbiyya. A 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka ƙona su a bainar jama'a.

Wannan wuta tana da 'yar'uwa a adabin Turai. A 1605 marubucin ƙasar Sifen, Cervantes, ya fito da labarin Don Kihote, wani dattijo da ya kwana ya yini yana karanta labaran jarumai har ƙwaƙwalwarsa ta juye, ya ɗauki mashi ya hau rangwamemmen doki ya fita gyaran duniya. Limamin garinsu da wanzami suka shiga ɗakin karatunsa suka tace littattafan, aka ƙona mafi yawansu a tsakar gida. Dattijo ya farka, ya nemi ɗakin bai gani ba, bai daɗe ba ya sake sulalewa ya koma yawonsa. Labarin ya riga ya bar takarda ya shiga kai. A Kano ma wutar ba ta kashe kasuwar ba. Marubutan sun ci gaba, daga baya da yawa suka kwashe kayansu suka koma intanet.

RUWAN DA BA SHI DA GAƁA

Yau littattafan nan suna yawo a WhatsApp da Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube, kuma a cikin wayar da suke akwai TikTok da Facebook suna jiran duk wanda ya ɗaga ido. Iyayen da aka ƙwace wa littafi a aji jiya su ne ke ƙwace waya a hannun 'ya'yansu yau, da kalmar nan dai da aka yi musu faɗa da ita.

Amma akwai bambancin da adabin da kansa ya nuna, wanda ya kamata a kula da shi. Duk shagalar da adabi ya yarda da ita tana da mafita. Mai tatsuniya in ta gama takan ce ƙurunƙus, yara su watse su kwanta. Akun Imam yana da asuba. Mai Ishiriniya yana da baitin ƙarshe da fatiha. Littafin soyayya, kome kaurinsa, yana da shafin da aka rubuta tammat. Majigin da ke cikin waya kuwa an gina shi ne yadda in wannan ya ƙare wani zai hau ba tare da an tambayi mai kallo ba, domin kamfanonin da ke da shi daga tallace-tallace suke samun kuɗi, tallan kuwa gwargwadon daɗewar ido a kan gilashi ake biyansa. Masunci mai nutso ya san inda gaɓa take. Wanda aka jefa ruwan da ba gaɓa, kome iya iyonsa, gajiya zai yi.

Saboda haka tambayoyin da malaman jihadi da Abubakar Imam suka bari suna nan da amfaninsu, kuma guda biyu ne. Me aka bari yana ƙonewa a murhu? Me kuma aka fito da shi da aka ɗago kai? Wanda ya amsa su tsakani da Allah zai san sunan da ya dace da halin da ya gani, ko shagala, ko duƙufa, ko nutsuwa.

Abin da ya rage ga iyaye da malamai shi ne su yi hattara da kalmar da suke jifan yaro da ita. Yarinyar da ke iya kwana uku a kan littafi guda ba ta ji kira ba, tana da irin jarin da gwanin Alƙur'ani da likita da alƙali suke buƙata, watau hankalin da ke iya zama wuri ɗaya ya daɗe. Wannan jari kuwa yana ƙaranci a zamanin nan. In aka kira shi shagala kullum aka bi shi da bulala, yarinya za ta bar littafi, amma ba lalle ta koma murhu ko allo ba, wayar ƙawarta za ta ara. In kuwa aka sa mata lokaci, aka ce ta sauke tukunya tukuna, aka kuma miƙa mata littafin da ya fi wanda ke hannunta, to an bi hanyar aku, wanda bai taɓa ce wa Musa kada ya saurari labari ba, zaɓar masa labarin kawai ya yi. Allah Ya shiryi zuriya, Ya ba su nutsuwa mai amfani, amin.